Huda Biyar, Kusa Biyar

Shekaru sun tura, amma ranar da na ɗauki Inna, mahaifiyata, zan kai ta wurin yayarta a garin Sarkin Hausa ba za ta taɓa fita raina ba.

Ni ɗan amalanke ne tun tasowata a Urafane. Sai da furfura ta fara leƙo mini sannan fataucin wake ya saya mini mota, 'yar tsohuwa, ta zo ba tayar sukur, wato tayar ajiya ta ko-ta-kwana. Maƙwabcina kuwa yana da wata matacciyar mota a ƙofar gida, har kaji na ƙwai a cikinta. Na roƙi tayarta guda. Na auna ta da taƙi yadda muke yi wa amalanke, ta yi daidai. Na ƙirga hudojin janti, wato ƙarfen tsakiyar tayar, biyar, kusoshin ƙafar motata ma biyar. Ya ce, "Maƙwabci, kai wa mai faci ya gwada maka mana." Na ce, "Haba! Ni da na tsufa cikin taya?" Na jefa ta bayan mota, wata huɗu ban waiwaye ta ba.

Ran nan da safe aka bugo waya cewa jikin yayar Inna ya yi tsanani, tana ta kiran sunanta. Shekara bakwai ke nan ba sa magana, kan wata gardamar gona da ko ni ban san kanta ba. Inna ta yafa mayafi, ta ce, "Tashi ka kai ni in nemi gafararta tun tana ji."

Mun yi nisa cikin daji, rana ta take, sai ji na yi fam! Tayar gaba ta fashe. Daga baya aka gaya mini irin ta gwanjon nan ce da aka yi don ƙasashen ƙanƙara, zafinmu ba ya barin su. Ban damu ba, ai ina da sukur. Na ɗaga mota, na kawo tayar aro. Kusa ɗaya ta shiga, ta biyu ta shiga da ƙyar, sauran ukun suka ce ba su san zance ba. Na juya, na sake juyawa, na doka da dutse. Tazarar da ta hana ba ta kai kaurin karan dawa ba, wallahi, amma ta hana.

Inna na zaune gindin aduwa da carbi. Sau ɗaya ta ce, "Da saura?" Na ce, "Yanzun nan, Inna." Ƙarya nake, kuma ta sani.

Sai bayan awa uku wani mai babur ya biyo, ya kai ni gari na samo taya. Muna shiga Sarkin Hausa muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Inna ta ce, "Har azahar tana tambaya ko kin iso."

Na kasa haɗa ido da mahaifiyata. A hanyar komawa ita ta fara magana. Ta ce, "Kada ka ɗora wa kanka. Kai awa uku ka makara, ni shekara bakwai."

Tun daga nan na ɗauki darasi: abin da ka ajiye don ranar wuya, gwada shi tun ranar daɗi. In kuma akwai wanda kake son ya yafe maka, je ka same shi tun yana iya amsa sallama.