Ƙanƙarar Kaka da Ɗan Kwastan

Shekarar da kuɗin mai suka sa kowane ma'aikaci sayen babur, ni firij na fara saye. Ina koyar da Turanci a Katsina a lokacin. Kakata kuwa tana wani ƙauye bayan iyaka, ta ɓangaren Maraɗi, tsufa ya kwantar da ita. Da ta ji labarin firij sai ta aiko cewa ita ba ta yarda ruwa yana zama dutse ba, in kawo mata ta gani kafin ta mutu.

Na naɗe ƙanƙara guda kamar bulo a buhu, na ɗaure a babur ɗin aro, na kama hanya.

A shingen Jibiya wani ɗan kwastan ya tambayi aikina. Da na faɗa sai fuskarsa ta washe, ya ja mini benci. Ashe jarrabawar ƙarin girma zai zauna, nahawun Turanci ya hana shi sakat: ya kasa bambance yankin jimla mai siffanta suna da mai bayyana aikatau. Ya sauke sandar shinge, ya ce babu mai wucewa sai ya gane.

Na zana jimloli a ƙasa da tsinke, ina ja musu layi, buhuna yana ɗiga. Motoci suka yi jerin gwano. Direbobin Maraɗi, waɗanda ko gaisuwar Turanci ba su iya ba, suka kewaye mu suna zaɓar amsa, har biyu suka nemi dambe a kan wata jimla mai zancen kare a ƙarƙashin tebur. Wani ɗan dako ya tara kwano a gindin babur yana sha. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ɗan kwastan mai kaki ne. Duk amsar da ya bayar daga baya na ce daidai ce, ya rungume ni, ya ɗaga sanda.

Da na isa wurin Kaka, abin da na iske a buhu bai fi ƙwallon dabino ba. Na sa mata a tafin hannu, ta zabura don sanyi. Kafin ta kai shi kusa da idonta ya narke.

“Maigida,” in ji ta, don haka take tsokanata, “mi ya sa ka wahala? Muna da rijiya.”

Ta shafa ruwan a fuska, tana dariya. Na yi mata alkawarin babba idan an yi hutu. Ba ta kai hutun ba.