Ranar da Na Tsayar da Turkawa

Ɗana na fari ba ya ce mini Umma. Yaya yake ce mini, don a hannun mahaifiyata ya tashi a ƙauyenmu kusa da Jahun, ya ji ƙannena suna kirana haka shi ma ya ɗauka. Ni kuwa ban taɓa kama sunansa ba. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, har bayan ya tara gemu. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a jan sa a jiki, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu. Ban taɓa ganin aibun abin ba, har ya tafi Turkiyya karatu, ya samu aiki, ya auri 'yar can.

Matar tasa yarinya ce mai kirki, amma ba ta jin Hausa, ni kuma a yarenta ko zo in kashe ki ban sani ba. Ita take fara kira ta bidiyo, ta yi sallama, ta yi ta murmushi. Da na ga za ta miƙa masa wayar sai in kife tawa a kan tabarma, in fita neman Malam, mahaifinsa, a ƙofar gida. Kafin mu shigo ta kashe. Ashe a zatonta ƙin ta nake yi. Ku ji mini yarinya, ina ruwan kunya da ƙiyayya?

Autata da ke jami'a a nan Dutse ita ta binciko mini magani a wayarta. Ta ce, "Umma, biraz bekle za ki ce mata, wato ki ɗan jira kaɗan."

Na yi ta bita ina tankaɗe, tana ƙyalƙyala dariya wai na mayar da Turkancin na Jahun. Na ce ta yi ta yi, ni ba jarrabawa zan zauna ba. Turkancin kuwa ya yi aiki. Da na faɗa sai surukata ta gyaɗa kai ta jira, Malam ya shigo su sha hirarsu da ɗansa, ni ina bakin murhu na kasa kunne kamar ba na ji.

Sai ciwon zuciya ya kama yaron nan, likitoci suka ce sai an yi masa aiki. Aka sa rana. Ban tambayi kowa komai ba. Abin da Malam ya ga dama ya faɗa shi nake tsinta, abinci kuwa ya daina wuce mini.

Ana saura kwanaki, wata la'asar, wayar ta yi ƙara. Malam ya tafi Ringim ta'aziyya, auta tana makaranta, gidan daga ni sai awaki. Na ɗauka na ga surukata idanu jajur. Ba ta yi murmushi ba, ta juya wayar kawai.

Ga shi kwance a gadon asibiti, an sa masa hula ta leda, ya rame har wuya. Na duba hagu na duba dama, babu wanda zan miƙa wa. Ba damar kifewa, ba damar fita.

Ya ce, "Yaya, ina wuni. Malam na kusa?"

Na ce, "Ya je Ringim."

Ya ce, "An matso da aikin, yanzu za a shiga da ni. Ki ce masa ya sa ni a addu'a. Ke ma ki yafe mini."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ƙasa nake kallo.

Sai na ji motsi. Na ɗago na ga wasu mata biyu masu koren kaya sun kama gadon sun fara turawa. Tsoro na ji, tsoron a wuce da shi ke nan bai taɓa ji daga bakina cewa ina son sa ba. Da Hausa bakina ba zai iya ce masa tsaya ba, wallahi ba zai iya ba. Sai na ji na ɗaga murya na ce, "Biraz bekle."

Matan nan suka tsaya cak. Ɗaya ta leƙo wayar, ta ga tsohuwa baƙa a kan tabarma tana yi musu yarensu, ta saki gadon ta ja baya. Surukata ta matso da wayar daf da fuskarsa. Kowa ni yake jira. Shi ma ya zuba mini ido, abin da bai taɓa yi ba.

Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Ya ce, "Sun hana ni ci, Yaya, sai bayan aiki."

Na ce, "To."

Ya ɗan ƙara jira. Mai koren kayan nan ta duba agogon bango, ta sake kama gadon. Na bi ƙafafunsa da kallo har ƙofa ta rufe, sannan na kira sunansa, surukata kaɗai ta ji.