Harsashin da na ƙara wa tsawo

Ƴan uwa, yau saura kaɗan in suma a filina!

Kun san gidan nan na ƙarfe da ake kawowa a haɗe, wanda na sayo daga Tchirozérine. Dole sai ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, ya duba harsashi kafin a ɗora gidan. Ni kuwa, don tsoron ruwan kori, wato ƙoramar da ke ambaliya da damina, na sa magini ya ƙara layi biyu na tubalin siminti bisa abin da takardar izini ta ce.

Da hantsi ma'aikacin ya zo. Kamyo, wato babbar motar kaya, na tsaye ɗauke da gidan. Ya auna, ya sake aunawa.

"Malam Illa, wa ya ce ka ƙara?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. A rushe?"

Sai kawai ya kira waya. Can sai ga shugabansa a mota. Ya zagaya harsashin, ya ɗauki hoto.

Ya ce, "Baba, bara ruwa ya shiga gidajen unguwar nan. Wannan za mu riƙa nuna wa masu gini."

Ya gyara takardar, ya sa hannu, aka ɗora gidan. Yanzu haka a ɗakin nake zaune, Alhamdulillahi!