Yadda na rasa ajin Fiziks ina kwance

Wata da watanni ban ce uffan ba a nan. Masu cewa na yi ritaya da masu cewa na rasu, duk ku yi haƙuri, ga ni.

Fiziks nake koyarwa a wata sakandare a Bungudu. Darasin jifa ban taɓa barin sa a allo ba. Fili muke fita da goruba, mu raba gudunta biyu, na gaba da na sama, mu lissafa inda za ta sauka, sannan in jefa.

Ran nan na jefa, ta faɗo gaban ƙafata. Aji ya kwashe da dariya. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, yau lissahi ya ƙi ka!"

Na sunkuya in ɗauka, yatsu suka ƙi kamawa.

Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita a Gusau. "Malam, jininka ya daɗe da hawa, kai ne ba ka tambaye shi ba." Hoton ƙwaƙwalwa kaɗai ya cinye ragon Layya. Kullum awo, ƙwayoyi, sai ɗakin gashin ƙashi, inda aka sake koya mini riƙe cokali. Na tsorata ƙwarai.

Bakina ya karkace, don haka maiɗakina Rabi ta tsare ƙofa. Kowa ya zo dubiya: "Da sauƙi, yana barci." Mutum ɗaya na ce a bari ya shigo, Malam Sani, tsohon ɗalibina da na nemo wa aiki a makarantarmu.

Ya riƙe hannuna. "Baba Malam, ajinka amana ne a wurina."

Da na warke na koma, shugaban makaranta ya kasa haɗa ido da ni. "Malam Sani ya ce ya gwada ka da tambaya mai sauƙi, ka kasa. Wai kan ya taɓu."

Malam Sani ya yi tambayar ran da ya zo dubiya, gaskiya ne. Harshena ne ya ƙi motsi, sai na rubuta masa amsar da hagu. Har cewa ya yi, "Daidai ne, Baba Malam."

Ajin nasa ne yanzu. Ni an ba ni ɗakin karatu, ni da gara muna cin littattafai.

Alhamdu lillahi da lafiya ta dawo. Rabi da ma'aikatan gashi, Allah ya saka muku.

Ku riƙa auna jini ko ba ku jin komai. In hannu ya yi nauyi ko baki ya karkace, a nufi asibiti nan take.

In kuma kun kwanta, ku bari mutane su gan ku, ko da bakin a karkace. Kada mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ke ba da labarinku.