Inno Mai Kitso da Madubin Maiwada

Inno kitso ta gada, kuma kitso ya ci da ita a gidan Maiwada, mai garin wani ƙauye tsakanin Maska da Malumfashi, tun ana tafiya Katsina a kan jaki. Ita ke yi wa uwargida Lauratu doka. Tuwonta a gidan yake, zanen sallarta ma haka.

Da tsufa ya kama ta, ido ya yi rauni, dokar ta fara karkata kamar rumbun da gara ta ci. Wa zai faɗa? Mata su leƙa ruwan tulu su ga inuwa, Inno ta ce "Kai, ya zauna!", shi ke nan.

Sai fatake suka sauka da madubi daga Tarabulus, tsawonsa ya kai kamu biyu, bakinsa katako ne da aka sassaƙa ganyaye aka shafe da ruwan zinariya. Maiwada ya ba da doki ya karɓa, don mai garin da ke maƙwabtaka da shi ba shi da irinsa. Aka jingine shi a ɗakin Lauratu.

Lauratu ta duba, ta juya, ta sake dubawa.

"Inno, kaina ne a karkace ko hannunki?"

"Ranki ya daɗe, madubin ne bai huta daga tafiya ba."

"To ya huta. In jibi bai miƙe ba, zan aika garin Danja a zo mini da mai kitso mai ido."

Inno ba ta tsaya gardama ba. Tsohuwa ba ta da kulle, sai ta nufi zaure ta durƙusa gaban Maiwada.

"Ranka ya daɗe, na ji fatake na cewa ba kai ka saya ba. Wai da kai ne, da an gani. Doki guda, a kai shi ɗakin mata ƙudaje su yi kallo?"

Kafin la'asar an rataye madubi a zaure, inda matar aure ba ta taka ƙafa. Masu gaisuwa suka riƙa zuwa har daga Musawa, kowa ya faɗi gaisuwa yana satar gyara rawani.

Lauratu ta yi fushinta ta gama, maganar Danja ta bi ruwa. Inno ta ci gaba da karkata doka har ranar da aka kai ta makwancinta.