Makau Maiturare da Tsamiyar Bakin Tafki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Makau Maiturare a gidansa da ke Adabka, bayan gajeriyar jinya. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, don haka ba zan yi magana kamar baƙo ba.

Makau, turare ne sana'arka, kana kai shi kasuwar Bukkuyum har Gummi, amma kowa ya san inda zuciyarka take. Da bazara ta kama, sai ka rufe akwati ka nufi gindin tsamiyar gonarka ta bakin tafki, ka zauna kallon tsuntsaye. Na sha yi maka tsiya, ina cewa magidanci da gemunsa ya bar kasuwa ya tafi gadin agwagin da ba nasa ba. Dariya kawai kake yi, ka nuna mini baƙin agwagin ruwa suna taruwa za su koma arewa, agwagwar nan kirinjijiya kuwa 'yar gida tana nan abinta.

Shamuwa ce babbar baƙuwarka, a tsamiyar nan take sheƙa kowace shekara. Ko ruwan farko ya sauka ba ka fitar da iri, mu ma 'yan unguwa ba ma fitarwa. "Ku dakata," kake cewa, "ba ta ɗauki kara ba tukuna." Ran da ka gan ta da kara a baki kuwa, gida-gida kake bi da albishir. Wanda ka tarar ya cinye irinsa da rani, kai kake auna masa daga rumbunka, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Tsamiyar ta ci maka gona, gero ba ya yi a inuwarta. Masu gawayi sun yi zarya don ka sayar musu da ita har sun gaji. Da ciwo ya kwantar da kai, tsoro ɗaya ka faɗa mini: kada a sare ta bayan rabon gado, shamuwa ta zo ta tarar da kututture.

Shekaranjiya aka zauna rabon, don shuka ta matso. Na je da faɗa a bakina, ban sami inda zan sauke shi ba. Kafin kowa ya yi magana, babban ɗanka Nazir ya ce, "Ku ɗauki wajen fadama, ku bar mini wajen tsamiya." Liman ya tuna masa cewa wurin ba ya hatsi, ga shi da iyali. Ya ce ya sani. Na yi kuka a gaban yaran nan, ban kuma ji kunya ba. Gatari ba zai taɓa ta ba, Makau, ka bar ta a hannu mai kyau.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka a inuwar Al'arshi. Matarka Inna Baraka, 'ya'yanka Nazir, Junaidu da Rufaida, da dukan dangi, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya cika rumbun Nazir daga inda bai zata ba. Amin.