Cigiyar Dije ta Bar Ƙarƙashin Tebur

Duk ɗan adaidaita sahun da ke zirga-zirga tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san shagon Khadija, wadda ake ce wa Dije mai fotokwafi. Mace ce 'yar firit, ga baki kamar reza, amma in fasinja ya manta kaya a keke, wurinta ake kawowa. Ba banza ba. Mahaifinta, Malam Zakariyya, ya taɓa mance ambulan ɗin takardun makarantarsa a tasi tun tana goye, aikin da aka kira shi ya wuce shi, har ya koma ga Allah yana ambaton ambulan ɗin nan.

Shi ya sa da ta koyi haɗa shafin intanet, cigiya ta fara yi wa. Ta ɗora manhajar tsara shafi, ta buɗe bulog a ciki, duk abin da aka tsinta ta ɗauki hotonsa ta rubuta inda aka same shi. Sai dai shafin a kan tsohuwar kwamfutarta yake zaune, a ƙarƙashin tebur. Wuta ta ɗauke, shafi ya mutu. Wutar Gyadi-Gyadi kuwa, kowa ya san hali.

Ranar wata Talata, Isyaku direban keke ya shigo da ambulan ruwan ƙasa. Takardun karatun jinya ne na wata Adaobi, na asali, babu lambar waya, babu adireshi.

"Wallahi wannan ba zai kwana biyu a hannuna ba," in ji Dije.

"Da shafin nan naki mai suma?" Isyaku ya ce yana dariya.

Abin ya yi mata ciwo, don gaskiya ya faɗa. A ranar ta tsai da shawarar mai da shafin kan kilawud, wato kwamfutocin haya na kamfani, waɗanda ba a ɗauke musu wuta. Ta kwashe rubuce-rubucen, ta tura manhajar, ta haɗa ta da rumbun bayanai, ta ɗaura sunan shafin a sabon gida. Kafin la'asar ya tashi garau. Ta sa hoton takardun, ta rufe lambobinsu da guntun kwali yadda ta saba, don mai kaya ya faɗa da bakinsa.

Washegari ta gyara ɗan launi, ta sake tura manhajar. Tana dubawa, innalillahi! Rubutu na nan, hotuna ko ɗaya babu. Ashe duk sanda aka sake turawa, kamfanin sabon ɗaki yake ba ka, a share tsohon tas, ita kuwa a nan ta zuba hotunanta kamar yadda take yi a ƙarƙashin tebur. Haushin kanta ya kama ta, har ta kori mai son fotokwafin katin biki. Ta zauna ta buɗe wa hotuna ma'ajiya daban, ta nuna wa manhajar hanya, ta bi kayan shagon ɗaya bayan ɗaya tana sake ɗauka: makullai, takalmin jariri, tabarau, ambulan. Sau uku tana sake turawa da gangan, hotuna suna nan daram.

Ranar Juma'a taransifomar layinsu ta yi bindiga. Unguwa ta kwana biyu babu wuta, kwamfutar Dije a kashe.

Da hantsin Lahadi tana sharar shago, sai ga wata budurwa da kayan coci ta sauko daga keken Isyaku, idanunta sun yi ja.

"Anti, ni ce Adaobi. Daga Hotoro nake. Jiya ƙawata ta turo min hoton. Gobe za a tantance mu a wurin aiki."

"Faɗi lambar."

Ta faɗa, ba ta yi tuntuɓe ba. Dije ta ɗaga kwalin ta duba, ta miƙa mata ambulan. Yarinyar ta rungume shi tana kuka, Isyaku yana ta "kai, kai, ashe shafin bai suma ba!"

Wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjin Dije, wanda ta daɗe tana ɗauke da shi. Ta jingina tsintsiya, ta zauna a kan benci, ta yi wa Malam Zakariyya addu'a.